Yadda zaka koya wa yaro sanin jemage har ya ajiye danƙo

Kwanaki ina dawowa daga kasuwa wajen bayan la'asar sai na hango yaran layinmu sun yi cincirindo a gindin darbejiyar ƙofar gida ana ta ihu kamar an ci ƙwallo, na ɗauka faɗa ake, ina kutsawa sai naga jemage ne a ƙasa sun harbo shi da danƙo fiffike ɗaya ya karye, wannan na tsokalarsa da kara wancan na cewa a samo kalanzir a cinna masa wuta wai maye ne, kuma harda nawa yaron ɗan shekara 8 a sahun gaba. Da na duƙa na duba da kyau ashe ma macece, ga ɗanta ɗan mitsitsi ya ƙanƙame ƙirjinta ya ƙi saki. Wallahi ranar abun ya tsaya min a rai. Ban daki kowa ba, toh in dake su akan me? mu ma haka muka taso, mu muka gaya musu maye ne, mu muka ce in ya shigo ɗaki wani mugun abu na tafe, su kawai aikata abun da suka ji suka yi.

Daga ranar na fara zama dasu ina musu hirar jemage kaɗan kaɗan, wasu dabarun sun ci wasu kam ɓata yawu kawai na yi, shine nace bari in rubuta wa iyaye da malaman firamare da na Islamiyya wanda naga yana shiga kan yaro. Aikin dai guda biyu ne kuma tare suke tafiya, ka cire masa tsoron ƙarya, amma ka bar masa tsoron gaskiya wato kar ya kuskura ya taɓa jemage da hannu. In ka yi ɗaya ka bar ɗaya ko dai ya ci gaba da harbi, ko kuma ya ɗauko maka shi a aljihu yace ya samo aboki.

Kar ka fara da wa'azi. Ka tara su bayan cin abincin dare kace kowa ya faɗi abun da ya sani akan jemage, sai ka yi shiru ka saurara. Zaka ji abubuwa kala kala, wai ta baki yake kashi, wai makaho ne, wai jinin mutane yake sha, wai ɓera ne in ya tsufa yake rikiɗa ya zama jemage. Dan Allah kar ka yi dariya kuma kar kace ƙarya ne, domin yawanci daga bakin kaka suka ji, in ka ƙaryata kaka a gaban jika kai ne zaka faɗi ba ita ba. Cewa zaka yi toh mu bincika mu gani me kaka ta gani har ta faɗi haka.

Maganar kashi ta baki ita tafi daɗin warwarewa. Ka sayo rake ka raba musu, ka bari kowa ya tauna ya tsotse ruwan ya tofar da sauran, sai ka nuna ƙasa kace toh ku ma yanzu kashi kuka yi ta baki kenan? Dariyar da zasu yi ita zata sa ba zasu manta ba. Haka jemagen da ke cin 'ya'yan itace yake yi, ya tauna mangwaro ko ɓaure ko gwaba, ya matse da harshensa ya haɗiye ruwan ya tofo sauran, mutum in ya gani daga ƙasa sai ya ɗauka kashi ne. Kaga kaka ta ga wani abu da gaske, fassarar ce ta kuskure. Kashi kam ta inda kowa ke yi yake yi, kuma manyan ma sukan juyo su rataya da babban yatsan fiffikensu kai a sama su gama sannan su koma yadda suke, don kar su ɓata jikinsu.

Makanta kuma babu jemage makaho ko ɗaya. Ka nemo hoton fuskar babban jemage a waya ka ƙara girmansa, zasu ga idanu dara dara da hanci kamar na ɗan kwikwiyo, yarinyata da ta gani cewa tayi "Baba ai kyakkyawa ne". Shan jini kuwa daga finafinan Turawa aka kwaso shi. Jemagu sun haura iri 1,400 a duniya, iri 3 ne kacal ke shan jini, kuma dukkansu a can nahiyar Amurka suke daga Meziko zuwa Ajantina, mafi yawa ma jinin dabbobi da tsuntsaye suke lasa. Mu nan Afirka bamu da ko ɗaya.

Na ɓera shi ne nake so ka ɗan daɗe a kai, don a nan tausayi yake shiga. Ɓera haihuwa yake rututu, sau da yawa a shekara, kuma baya daɗewa a duniya. Jemage kuma mafi yawansu ɗa ɗaya tak uwa take haifa a shekara, ta shayar dashi nono, yana maƙale a jikinta har ya yi ƙwari, kuma suna da tsawon rai na ban mamaki, an taɓa sake kama wani ɗan ƙaramin jemage a Saberiya bayan shekara 41 da saka masa alama. Sai ka tambayi yaron, in aka harbe uwa ɗaya mai goyo rai nawa aka kashe, kuma sai yaushe za a mayar da gurbinsu? Ka barshi ya yi lissafin da kansa.

Daga nan sai tatsuniya, ai duk mun san ta, jemage in aka zo karɓar harajin tsuntsaye sai ya washe baki yace ku dubi haƙorana ni dabba ne, in na dabbobi suka zo ya buɗe fiffike yace ni tsuntsu ne. Ka basu ita yadda aka saba, amma a ƙarshe ka naɗa ɗaya alƙali sauran su kawo shaida. Yana ƙwai? baya yi. Yana da baki irin na kaza? a'a haƙora gareshi. Kunnuwa a waje? akwai. Nono? yana bayarwa. Da bakinsu zasu yanke hukunci cewa ɗan'uwan akuya ne da mage, dabba mai shayarwa, kuma shi kaɗai ne a cikinsu Allah Ya ba tashi sama na gaske. In ka ƙirga ire-iren dabbobi masu shayarwa na duniya kusan ɗaya cikin biyar jemage ne.

Sai aikin hannu, yara sun fi riƙe abun da suka yi da hannunsu. Kowa ya ɗora tafinsa akan takarda ya ware yatsu a zagaye da fensir, sai a ja yatsu huɗu su yi tsawo sosai har bakin takardar, babban yatsa a barshi gajere a zana masa farce, sannan a haɗa kan yatsun da layi ya gangaro har ƙafa. Shikenan an zana fiffiken jemage, don fiffikensa hannu ne irin namu, fata ce mai laushi ta haɗe yatsun. Sunan da masana suke kiran danginsu dashi ma daga Girkanci yake, ma'anarsa hannu-fiffike. In akwai baƙar leda da tsinken tsintsiya ana iya haɗa shi ya riƙa buɗewa yana rufewa. Ka aro tef ɗin tela ka auna musu santimita 80 a ƙasa, faɗin fiffiken babban jemagen nan mai wuya ruwan ɗorawa da ke cika bishiyoyin gari yakan kai haka. Ka ɗauko magi ɗaya ka raba biyu ka ɗora wa yaro rabi a tafi, kusan nauyin jemage mafi ƙanƙanta kenan, giram 2, yana Tailan da Myanmar. Mafi girma kuma a Filifin, fiffikensa ya wuce mita ɗaya da rabi. Dole wani ya tambaye ka me yasa yake rataya kai ƙasa, kace ƙafafunsa basu da ƙarfin da zai yi tsalle ya tashi kamar tantabara, sakin reshe yake ya faɗo sannan ya buɗe fiffike, kuma jijiyar ƙafarsa in nauyinsa ya ja ta kulle faratan take yi, shi yasa yake barci a haka baya gajiya.

Yanzu kuma ka ja su kicin, nan ne zuciyar maganar gaba ɗaya a wajena. Ka roƙi uwargida ta baka daddawa guda ɗaya ka riƙe a hannu ka fara tambaya kana komawa baya. Daddawa daga me? kalwa. Kalwa daga ina? cikin 'ya'yan ɗorawa. Su kuma daga ina suka fito? daga fure. Toh wa ya yi wa furen barbara har ya zama ɗa? A nan zasu tsaya. Sai ka basu labari, ɗorawa cikin rani take fure, jajayen ƙwallaye suna reto a dogon igiya kamar tuntun hula, kuma sai rana ta faɗi suke cika da zuma, cikin dare jemagu suke zuwa su ƙanƙame furen suna lasa, garin furen ya manne musu a ƙirji da fuska, su tashi su je wata ɗorawar su goga mata. Tun shekarun 1950 masu bincike suka zauna suka kalli wannan a Gana suka rubuta. Ƙudan zuma ma yana zuwa da sassafe yana nasa aikin, kar a ci haƙƙinsa, amma aikin dare na jemage ne. In akwai ɗorawa kusa daku lokacin furenta ka kai su da tocila bayan isha'i su gani da idonsu, ganin nan guda ɗaya ya fi bayanin wata guda.

Kuka ma haka. Furenta fari ne babba yana kallon ƙasa, da yamma yake buɗewa, warinsa mu bai mana daɗi ba amma jemage daga nesa yake jiyo shi, washegari kuma furen ya fara yaushi, kaga dare ɗaya gareshi, in baƙon bai zo ba an yi asara. Rimi ma da dare yake buɗe furensa saboda su. Ni da na faɗi haka wani yaro mai shegen wayo yace "Baba ai miyar kuka da ganye ake yi ba da fure ba". Gaskiyarsa, kuma na ji daɗin tambayar. Nace masa toh wannan kukar ta bayan gari in ta tsufa ta faɗi wace zata gaje ta in babu 'ya'ya babu iri? kuma garin kukar da ake damawa da nono daga ina? Ya yi shiru yana tunani.

Sai kaɗanya. Ka tambaye su wa ya shuka kaɗanyoyin da ke cikin gonaki, su je su tambayi kakansu ma, zai gaya musu yawanci ba wanda ya shuka, tsirowa suke manomi ya bar su. Jemage yakan ɗauki ɗan kaɗanya ya tafi dashi wata bishiyar ya cinye tsokar ya yar da ƙwallon, in ya faɗi wuri mai kyau sai ya tsiro. Man kaɗen da ake shafa wa jarirai lokacin sanyi akwai gumin jemage a ciki. Ƙananan iri kuma irin na ɓaure da cediya da durumi haɗiye su yake ya kasayar dasu yana cikin tashi, kamar mai yafa iri daga sama. A Akara babban birnin Gana akwai dubban jemagu da suke rataye a bishiyoyin wajen asibitin sojoji na 37, a tsakiyar gari motoci na wucewa, masu bincike sun ɗaura wa wasunsu 'yar na'urar bin sawu suka gano suna iya kai iri nisan kilomita 75, kusan tafiyar Kaduna zuwa Zariya kenan. Irin jemagen nan dai su ne suke taruwa a dajin Kasanka na Zambiya daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, ana ƙiyasin sun kai miliyan 10, ka nemo musu bidiyon a YouTube in kana da data, sama baƙi take yi dasu.

Da safe kuma ku zama 'yan sandan ciki. Ku je gindin bishiyar da kuka ji suna hayaniya jiya da dare, kowa da tsinke a hannu, ba hannu tsirara ba, ku duba me suka bari, ƙwallon darbejiya da aka sulluɓe, tofaffen ɓaure, ƙwallon kaɗanya a gindin bishiyar da ba kaɗanya ba. Wannan na ƙarshen shi ne babbar shaida, ka tambaye su ta yaya ya zo nan. Kai babba ka kwashi 'yan ƙwallaye da leda a hannu a wanke su, a shuka a ledar fiya wata, kowa da tasa yana ba ruwa. A wanke hannu da sabulu in an dawo.

Duk wannan maganar manyan jemagu ce masu cin 'ya'yan itace. Akwai ƙananan kuma, waɗanda wasu ke kira birbiri, masu shiga silin da soro da tsofaffin gine-gine, su ƙwari suke ci. Kallonsu da magariba ne, kuma na san a gidajenmu ba a barin yaro a waje a wannan lokacin, toh ba sai an fita ba, a tsakar gida ku zauna kai da su ku ɗaga kai sama kafin a tada salla ko da an idar. Manya tafiyarsu miƙe take suna kaɗa fiffike a hankali, ƙananan kuma zirga-zirga suke suna karkacewa kamar mai kauce wa ramuka a babur, kowace karkacewa wani ƙwaro suka cafke. Daren da aka yi ruwan farko shinge ya fito ku dubi fitilar sola ta kan layi, biki ake.

Ta yaya suke kama ƙwaro a duhu? Ka kai yara wani kango ko ɗakin da babu kaya su yi kuwwa su ji ta dawo, kar ka yarda a je bakin rijiya dai. Sai kace toh birbiri haka yake, yana sakin wata siririyar ƙara da kunnenmu baya ji, ta daki abu ta dawo, daga amsa-kuwwar yake gane nisan abun da girmansa da inda ya nufa. Kunnen mutum iyakarsa wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, nasu kiran yawanci sama da haka yake. Wani Ba'italiye Lazzaro Spallanzani tun shekarun 1790 ya lura ba da ido suke kauce wa abu a duhu ba, amma sai wajen 1940 Donald Griffin da abokin aikinsa Robert Galambos a Amurka suka tabbatar da yadda abun yake. Wasan da yafi tafiya da yaran layinmu shi ne a ɗaure wa ɗaya ido da ɗankwali ya zama jemage, biyu ko uku su zama sauro, sauran su yi da'ira su zama katanga. Duk sanda yace "jemage" dole su amsa "sauro", da amsar zai bi su ya kama. Zaka ga da ya matso kusa da kansa yake ƙara saurin kira, sai ka tsayar da wasan kace wallahi haka na gasken yake yi in ya kusa cafka.

Amma kar ka zuzuta. Kar kace musu jemage zai kawar da maleriya, yana cin sauro amma abincinsa yafi yawa a malam-buɗe-littafin dare da buzuzu da sauran ƙwarin da ke ɓarna a gona, gidan sauro yana nan daram. Ga waɗanda suka kai sakandare zaka iya basu labarin Amurka, daga 2006 wata cutar fumfuna ta shiga jemagunsu ta kashe miliyoyi, wani bincike da ya fito a mujallar Science a 2024 ya nuna a yankunan da abun ya shafa manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. Kuma ka gaya musu, musamman 'yan mata, akwai 'yar Najeriya Dakta Iroro Tanshi da aikinta kenan nazarin jemagu, a 2016 ta gano wani irin jemage a dajin tsaunin Afi na jihar Kuros Riba wanda aka shafe shekaru da yawa ba a ganshi ba, ta kuma samu kyautar Whitley ta masu kare namun daji a 2021. Ƙasar nan kaɗai tana da jemagu kusan iri 100.

Toh yanzu maganar cuta, kuma kar ka ɓoye musu ita don kana so su so jemage. Gaskiya ne wasu jemagu na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu haɗari. Akwai dangin cutar haukan kare, ɗaya daga ciki ma a Legas aka fara gano ta a jikin jemage a 1956. Cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola, da ta ɓulla a Gana a 2022 ma'ajiyarta wani jemage ne mai zama a kogo da ramukan haƙar ma'adinai. Ebola ma masana na zargin jemagu, yaron da aka fara sani da ita a ƙauyen Meliandou na Gini a Disamban 2013 ana zaton ya yi wasa a wani kogon bishiya mai jemagu. Zazzaɓin Lassa dai na ɓera ne, kar a ɗora masa. Abun da zaka nuna wa yaro shi ne jemagen da ke can sama yana harkarsa ba ruwansa da kai, haɗarin yana zuwa ne in an harbo shi, an ɗauka, an feɗe, an ci, ko an kutsa masa gida. Wato yaron da ke riƙe da danƙo shi yafi kowa kusa da cutar. A Yuganda ma an gwada, bayan Marburg ta kama masu haƙar ma'adinai a Kitaka a 2007 sai aka bi jemagun ramin aka karkashe, da wasu suka dawo suka cika wurin aka auna sai aka ga masu ɗauke da cutar sun fi na da yawa.

Dokokin kaɗan ne, ka sa su haddace kamar karatun allo. Ba a taɓa jemage, mai rai ko matacce. Ba a shan mangwaro ko gwabar da aka tsinta da shaidar haƙori, wanda aka tsinko ma a wanke. Ba a shiga kogo ko tsohon rami ko kogon kuka. In kuma tsautsayi yasa ya ciji yaro ko ya yaƙushe shi ya faɗa nan take, kuma kai ma ka yi alƙawarin ba duka, don tsoron bulala ne ke sa yaro ya ɓoye, cizon kuma ɗan ƙarami ne wani lokacin ko gani ba a yi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a ranar, a gaya musu jemage ne, a nemi allurar da ake yi wa wanda mahaukacin kare ya ciza. Kar a jira a ga alama, in alama ta fito an makara.

Malaman Islamiyya ku kuna da kayan aiki a hannu ma. Ayar Suratul An'am ta 38 ta ce dabbobin ƙasa da masu tashi da fukafukai al'ummomi ne kamar mu. Akwai labarin Abdullahi ɗan Umar da ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, suna ganinsa suka watse, yace Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abun gwada harbi, ka karanta wa yaran danƙo wannan ka ga yadda zasu sunkuyar da kai. Ga hanin yin azaba da wuta ga masu neman kalanzir. Kuma a tafsirin Jalalaini, wajen ayar da ta yi maganar tsuntsun da Annabi Isa (AS) ya siffanta da laka ya hura masa ya tashi da izinin Allah, an ce jemage ne. Yaro in ya ji haka maganar maita sai ta fara yi masa wuyar faɗa.

Shi kuma danƙon kar ka ƙwace, gobe zai haɗa wani da robar tayar keke. Ka jera gwangwanayen madara a kan katanga a yi gasa, wanda yafi saiti, wanda galibi shi ne jagoran masu harbin, shi zaka naɗa Sarkin Jemagu na layi, ka bashi littafin 20 lif da biro ya riƙa rubuta rana da bishiyar da suka sauka da kimanin yawansu da watan da suka ɓace da watan da suka dawo, don manyan nan ƙaura suke suna bin 'ya'yan itace. Namu sarkin yanzu ko baƙon yaro ya gani da danƙo a gindin darbejiya sai ya bi shi har gida. Masu lambu kuma zasu ce maka jemage yana musu ɓarnar mangwaro, eh yana yi, kar ka musa a gaban yara, nunanne lugub yafi so saboda haka a riƙa tsinkewa da ya ƙosa a nuka a gida.

In ƙananan jemagu sun cika maka silin da wari ba sai an sa fiya-fiya ko hayaƙi ba. Ka sa yaran su tsaya daga nesa da magariba su gano ramin da suke fita, aikin da suke so kenan, sai a rataya yanki na leda ko raga a bakin ramin ta yadda za a iya fita amma ba a iya komawa, bayan 'yan kwanaki a toshe da siminti ko waya. In kana jin kukan 'ya'ya a ciki ka ɗan jinkirta har su iya tashi, in ba haka ba zasu mutu a ciki warin ya fi na da. Kashin kuma babba ne zai kwashe, da takunkumi a fuska, a yayyafa ruwa tukunna don kar ƙurar ta tashi, taki ne mai kyau a kai wa shuka. In ɗaya ya ɓata hanya ya shigo ɗaki a fitar da yara, a kashe fanka, a buɗe taga da ƙofa a bashi wuri, da kansa zai fita. Wanda aka gani a ƙasa kuma yaro ya kira babba kawai, babban ya kifa masa kwali ya zura wani kwalin ta ƙasa, ko ya sa safar hannu mai kauri, a kai shi reshe mai tsayi inda mage ba zata kai ba.

Macen jemagen da suka harbo ranar nan dai bata yi rai ba, kafin isha'i ta mutu, ɗan ma bai kwana ba. Da shebur na kwashe su, yaran suna biye dani a baya har bayan gida inda na haƙa rami mai ɗan zurfi saboda karnuka, ɗana shi ya riƙe min tocila.